Gobirawa da Ƙasarsu: Daga Abzin zuwa Birnin Lalle da Tsibiri

Gobirawa reshe ne na Hausawa, kuma daularsu, Gobir, ita ce mafi kusa da hamada a cikin Hausa Bakwai. A yau suna zaune a ɓangarori biyu na iyakar Nijar da Nijeriya. A Nijar ana samun su a jihar Maraɗi, musamman Tsibiri da Gidan Rumji da Dakoro, da kuma wajen Madawa a jihar Tawa. A Nijeriya cibiyoyinsu su ne Sabon Birni da Isa a jihar Sakkwato. Abin da ya raba tarihin Gobir da na Kano ko Katsina shi ne yawan ƙaura. Kano da Katsina sun yi ɗaruruwan shekaru kowace a cikin ganuwa ɗaya, amma fadar Gobir ta yi ta tashi daga wannan gari zuwa wancan, tun daga duwatsun Abzin har zuwa bakin Gulbin Rima. Ɗaya daga cikin manyan zangunan wannan tafiya shi ne Birnin Lalle, wanda yake kudu kaɗan da garin Dakoro na yanzu.

Shimfiɗar ƙasar

Ƙasar da Gobirawa suka ratsa ta kasu kashi uku. A can arewa akwai Abzin, ƙasar duwatsu da koramu, inda hanyoyin ayari daga Bilma da Gat da Tuwat suke haɗuwa. A tsakiya akwai faffaɗan tudu mai jigawa, wanda ake ce wa wani sashensa Gobir Tudu. A nan ne gundumar Dakoro take, kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi. Ruwan sama a wannan tudu bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 a shekara ba, kuma ruwan ƙasa yana da nisa, har zurfin wasu rijiyoyi ya kan wuce mita 50. Tsofaffin kwaruruka biyu ne suka ratsa shi. Kwarin Tarka ya taso daga wajen Damargu, ya bi ta arewacin Dakoro, ya karkata kudu ta Madawa ya shiga Nijeriya. Gulbin Kaba kuma ya bi ta kudancin gundumar. Duk biyun ba sa gudu kamar kogi a yanzu, amma ruwa ya fi kusa a cikinsu, kuma tafkuna suna kwanciya bayan damina.

Kashi na uku shi ne ƙasar fadama ta kudu. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya wuce ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Nijeriya ya zuba a Rima. Nan ne ƙasa mai albarka, inda dawa da auduga da taba suke yi, kuma inda dawaki suke samun ciyawa da ruwa duk shekara. Duk tarihin siyasar Gobir gangarowa ce daga kashi na farko zuwa na uku, kuma tudun Dakoro ne mashigin da ya haɗa su.

Ruwayoyin asali

Labarin Bayajida ya sa Gobir cikin jikokin Daura. A wannan ruwaya, Duma ɗan Bawo ne ya kafa ta, kuma da aka raba ayyuka tsakanin 'yan'uwa, Kano da Rano suka zama sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Zazzau sarkin bayi, Gobir kuwa sarkin yaƙi, domin ita ce take tsaron ƙofar arewa. Sai dai gidan sarautar Gobir yana da tasa ruwayar, wadda ba ta bi ta Daura ba. A cikinta kakanninsu daga gabas suka fito, daga wani wuri da ake kira Gubur, a ƙarƙashin Bawa na Turmi, suka bi ta Bilma suka sauka Abzin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya kawo zancen cewa sarakunan Gobir tsatson Kibɗawan Masar ne. Jerin sunayen sarakuna da ake riƙe da shi a fadar Tsibiri ya ƙunshi suna fiye da 300.

Masana tarihi ba su ɗauki waɗannan ruwayoyi a matsayin lissafin abin da ya faru daki-daki ba. Danganta asali da gabas abu ne da gidajen sarauta da yawa na ƙasar Sudan suka yi bayan shigowar Musulunci, daga Borno har Songai. Amma akwai gaɓa ɗaya da ruwayar fada da ruwayar Abzinawa da rubutattun littattafai suka haɗu a kanta: kafin Gobirawa su zama mutanen gulbi, mutanen Abzin ne.

Zaman Abzin

Marubucin Larabci Yaƙubi, a ƙarni na 9, ya ambaci wani gari mai suna Maranda a kan hanyar da ta haɗa Gao da Masar. Masana da dama, ciki har da Djibo Hamani wanda ya rubuta tarihin daular Agadas, suna ganin shi ne Marandat na yanzu, kudu maso yamma da Agadas, kuma ruwayoyi suna danganta wurin da Gobirawa. Masu haƙar kayan tarihi sun tono dubban ƙananan tukwanen narkar da tagulla a can, abin da ya nuna gari ne na maƙera da fatake. A shekarar 1353 Ibn Battuta ya sauka Takadda, garin tagulla na yammacin Abzin, ya kuma rubuta cewa ana kai tagullarta Borno da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda galibin masana suka fassara da Gobir.

Abzinawa ba rana ɗaya suka mamaye wannan ƙasa ba. Ƙabilunsu sun yi ta shigowa rukuni-rukuni daga arewa cikin ƙarnoni da dama, wani lokaci da yaƙi, wani lokaci da auratayya da yarjejeniya. Kafuwar sarautar Agadas a farkon ƙarni na 15, wajen 1405, ita ce alamar cewa rinjaye ya koma hannunsu. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yakubu, tsakanin 1452 da 1463, Abzinawa suka iso Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. Ba duk Gobirawa ne suka tashi ba. Waɗanda suka zauna sun narke cikin jama'ar Abzin, kuma da Heinrich Barth ya ratsa ƙasar a 1850 ya tarar ana jin Hausa ko'ina, ya kuma ji daga bakin mutanen wurin cewa Gobirawa ne mazauna na farko.

Birnin Lalle

Masu sarauta da mayaƙa da suka baro Abzin sun yi zango a wurare da dama kafin su kafa Birnin Lalle, wanda ake ƙiyasta zamansa babban birnin Gobir daga wajen ƙarni na 15 zuwa na 17. Zaɓen wurin yana da dalili. Yana kusa da Kwarin Tarka, yana da tafki mai daɗewa da ruwa, kuma yana kan hanyar ayarin da ke saukowa daga Agadas zuwa Katsina da Zamfara da Kabi. Wanda ya riƙe wannan wuri yana iya karɓar fito daga masu gishiri da kanwa da dabino da ke gangarowa, da masu hatsi da tufafi da fatu da ke hawa. Yana kuma da makiyaya mai faɗi ta dawaki da raƙuma da shanu.

Bayanin da Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya bayar game da Gobir ya faɗo cikin wannan zamani. A littafinsa da ya kammala a 1526, aka buga a 1550, ya siffanta ta da ƙasar makiyaya mai yawan shanu da tumaki, mai masaƙa da dukawa waɗanda takalmansu suke kaiwa Gao da Tumbutu. Ya kuma ce Askiya Muhammadu na Songai ya ci ta da yaƙi. Masana suna jayayya a kan wannan magana ta ƙarshe, amma an tabbatar Askiya ya kai yaƙi Agadas a wajen 1500 da kuma 1515, kuma jim kaɗan bayan haka Kanta na Kabi ya ɓalle daga Songai ya zama mai ƙarfi a yammacin ƙasar Hausa. Ke nan Gobir ta Birnin Lalle ta rayu ne tsakanin manyan dauloli huɗu: Agadas a arewa, Kabi a yamma, Katsina a kudu, Borno a gabas.

Muhimmancin wannan zango ya wuce na wurin hutawa. A Birnin Lalle ne masu sarauta da suka zo daga bakin hamada suka zauna tare da manoma da mahalba da maƙera da suka tarar a ƙasar, waɗanda ake kira Anna ko Azna, masu riƙe da tsafin ƙasa da na ruwan sama. Daga wannan haɗuwa ne Gobir ta zama daular Hausa irin ta sauran: sarauta a hannun gida ɗaya, ƙasa da al'adunta a hannun dangogin da suka riga zuwa, kowane ɓangare yana bukatar ɗaya. Yanayin wurin kuma, fili ne ba dutse ba daji mai duhu, ya tilasta wa daular dogaro da doki da sulke da lifidi. Sunan jarumta da Gobirawa suka yi fice da shi a nan ya yi saiwa.

Abubuwa biyu ne suka tayar da fadar daga nan. Na farko matsin Abzinawa, wanda ya tsananta a ƙarni na 17. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ƙwace Adar daga hannun Kabi, ya zamana ikon Agadas ya kewaye Gobir ta arewa da yamma, kuma daga baya ƙabilun Kel Geres suka gangaro suka zauna a Adar da Gobir Tudu. Na biyu shi ne jan da ƙasar fadama take yi. Jama'a ta ƙaru, tudu ba ya iya ciyar da birni da rundunar dawaki, ga kuma gulbi can kudu. Fadar ta koma Birnin Naya, daga baya Gwararrame, kowane ya fi na baya kusa da Rima.

Alƙalawa da ƙarnin ƙarfi

Ƙarni na 18 shi ne lokacin da Gobir ta kai ƙololuwa. Tarihin Kano ya ambaci yaƙin Sarkin Gobir Soba da Sarkin Kano Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, yaƙin da aka yi ta yi ba wanda ya gama da wani. A zamanin Sarkin Kano Alhaji Kabe kuma, Gobirawa a ƙarƙashin Babari suka yi galaba a kan Kanawa a Dami. A cikin waɗannan shekaru Gobirawa suna ta shiga ƙasar Zamfara cikin lumana, suna noma da izinin sarakunanta, suna taya su yaƙi. Da suka yi yawa suka yi ƙarfi, Ibrahim Babari ya juya wa masu masaukin, ya ci Birnin Zamfara a farkon shekarun 1760. Sabon birnin da ya gina a bakin Gulbin Rima, a kan gonakin Alƙalin Zamfara, shi ne Alƙalawa.

Bayan Babari aka yi Ɗan Gudi, wanda ya mutu a yaƙi da Abzinawa, sannan Bawa Jan Gwarzo ya hau a shekarun 1770. Bawa ne sarkin da sunansa ya fi zama a bakin mutane. A zamaninsa ikon Gobir ya game Zamfara da Ƙonni da sassan Adar da Kabi, kuma babbar abokiyar gabarta ita ce Katsina. Amma daular da aka gina da yaƙi tana ci da yaƙi. Zamfarawa ba su manta da abin da aka yi musu ba, makiyaya suna kuka da jangali, talakawa suna kuka da ƙwace da gargaɗi, wato tilasta musu shiga yaƙi, kuma kowane rani sai an fita daga. Bawa ya rasu jim kaɗan bayan karon Ɗankaishi da Katsinawa, inda ɗansa ya faɗi, magajinsa Yakuba kuma ya mutu a yaƙin Kiyawa.

Tsarin sarauta

Abin da ya ba Gobir damar tashi daga birni zuwa birni ba ta watse ba shi ne tsarin sarautarta, wanda bai rataya a kan ganuwa ba. Sarki yana fitowa daga gida ɗaya, amma ba shi yake naɗa kansa ba. Majalisar da ake kira Tara ta Gobir, wadda ta ƙunshi masu muƙamai irin su Ubandawaki da Sarkin Rafi da Sarkin Kaya, ita ce take zaɓe, kuma tana da ikon juya wa sarki baya. A gefen sarki akwai Inna, mace daga gidan sarauta, wadda take da fadarta da barorinta. Ita ce shugabar mata da 'yan bori, tana karɓar haraji daga wasu masu sana'a, kuma ta kan riƙe gari idan sarki ya fita yaƙi. A Maraɗi mai irin wannan muƙami Iya ake ce mata. Duk inda sarki da Tara da Inna da tambura suka sauka, nan ne Gobir. Masanin Faransa Guy Nicolas, wanda ya yi bincike a Tsibiri da Maraɗi, ya tarar da wannan tsari yana aiki har bayan samun mulkin kai.

Jihadi da faɗuwar Alƙalawa

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ɗan ƙasar Gobir ne. An haife shi a Maratta a 1754, ya tashi a Degel, ya yi karatu wajen malamai da dama, ciki har da Malam Jibrilu ɗan Umaru wanda ya bi har Agadas. Musulunci ya daɗe a fadar Gobir kafin shi. Abin da Shehu ya yi wa'azi a kansa shi ne gauraya addini da al'adun tsafi, da zaluncin masu mulki. A wajen 1788, a filin Idi na Magami, Bawa ya tara malamai ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince.

Magadansa sun ga jama'ar Shehu tana zama daula a cikin daula. Sarki Nafata ya yi shela cewa ban da Shehu kada wani ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, kuma a daina rawani da lulluɓi. A zamanin Yunfa aka kai hari Gimbana, garin Abdussalami, almajirin Shehu, aka kama mutane, jama'ar Degel suka kwance su a hanya. A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. A watan Yuni na wannan shekara rundunar jama'a, Abdullahi ɗan Fodiyo yana jagoranta, ta karya dawakin Yunfa a Tabkin Kwatto. Yaƙin bai zo da sauƙi ba, domin a Tsuntsuwa Gobirawa da Abzinawa sun yi wa jama'a mummunar ɓarna, a Alwasa ma haka a 1805. Amma a watan Oktoba na 1808 Muhammadu Bello ya ci Alƙalawa, Yunfa ya mutu yana faɗa. Wannan yaƙi bai rabu bisa ƙabila zalla ba. Akwai Hausawa da yawa, har da Gobirawa, a cikin jama'ar Shehu, Zamfarawa sun shiga don tsohuwar gaba, Abzinawa kuma sun kasu gida biyu.

Tsibiri da Sabon Birni

Birni ya faɗi, amma sarautar ba ta mutu ba. 'Ya'yan sarki da suka tsira sun ja baya zuwa arewa da gabas, suka yi ta naɗa sarakuna, wani lokaci su yi amana da Sakkwato, wani lokaci su warware. A 1826 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ga rundunar Bello ta kewaye Konya, inda Sarkin Gobir yake zaune a lokacin, ta kuma janye ba ta ci garin ba. A 1836 Sarkin Gobir Ali ya haɗa kai da Rauda, Sarkin Katsina na Maraɗi, da wasu Abzinawa, suka kara da Bello a Gawakuke. An ci su, Ali da Rauda duk suka mutu a fagen.

Bayan wannan ne Mayaƙi ɗan Yakuba ya tattara sauran jama'a ya kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi, kusa da Maraɗi inda Katsinawan da suka ƙi mulkin Fulani suka riga suka kafu tun wajen 1819 a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Tsofaffin abokan gaba biyu suka zama maƙwabta kuma abokan yaƙi. Har ƙarshen ƙarnin dawakinsu suna kai hari Zamfara da Katsina, wani lokaci har ƙasar Kano, Sakkwato kuma tana tsare kanta da ribaɗoɗi irin su Wurno. A shekarun 1860 rikicin gidan sarauta ya sa Ɗan Halima ya ɓalle, ya yi sulhu da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni kusa da kufan Alƙalawa. Tun daga nan Gobir ta zama gida biyu, ɗaya a cikin daular Usmaniyya, ɗaya a wajenta.

Iyakar Nasara

Turawa sun tarar da wannan rabuwa, suka mayar da ita iyakar ƙasa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ta bar wa Faransa tudun arewa kawai. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar tana ƙone garuruwa, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, kafin sojojinta su kashe shugabannin biyu a wajen Maijirgi. Faransawa sun ga hanyarsu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi, suka nemi a sake shata iyaka. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka sauko da ita kudu, aka kafa turakunta tsakanin 1906 da 1908. Tsibiri da Maraɗi da Madawa suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa da kufan Alƙalawa suka zauna hannun Ingila. Jami'in tawagar Tilho, wadda ta shata iyakar a ɓangaren Faransa, mai suna Landeroin ya rubuta ruwayoyin Gobir daga bakin dattawa a wannan lokaci, kuma rubutunsa yana cikin tushen da masana suke komawa. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon Maraɗi da Tsibiri, aka mayar da garuruwan kan tudu. A 2010 gwamnatin Nijar ta ɗaga sarautar Gobir ta Tsibiri zuwa matsayin sultan, tare da ta Katsinar Maraɗi da ta Doso.

Komawa arewa: ƙasar Dakoro

A ƙarni na 19 tudun da ke tsakanin Gulbin Kaba da Tarka ba shi da yawan garuruwa. Hare-hare sun sa manoma sun taru kusa da ganuwa a kudu, ƙasar Birnin Lalle ta zama makiyayar Abzinawa da dajin mahalba. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare a farkon ƙarni na 20, tafiyar ta juya. Manoma daga Gobir da Katsina da Adar suka riƙa hawa arewa suna neman sabuwar ƙasa, wasu suna gudun haraji da aikin tilas, wasu yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta tarwatsa su, wasu kuma noman gyaɗa ne ya cinye gonakin kudu. Mutum ya haƙa rijiya, ya share daji, dangi su biyo shi, garin ya ɗauki sunansa. Shi ya sa sunayen ƙauyuka masu farawa da Gidan ko Ɗan ko Garin suka cika wannan yanki. A daidai lokacin Fulani, musamman Woɗaaɓe, suka hauro da shanunsu zuwa wajen Bermo, Abzinawa da Buzaye kuma suka ƙara saukowa bayan murƙushe tawayen Kawusan na 1916 zuwa 1917.

Faransawa sun tsara ƙasar kanto-kanto, ciki har da na Birnin Lalle da na Kornaka, suka buɗe bariki a Dakoro a 1947. A 1955 aka keɓe dajin Gadabeji, mai faɗin hekta dubu 76. Bayan samun mulkin kai a 1960, dokar watan Mayu na 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, wadda a wannan yanki ta bi Kwarin Tarka: kudu gonaki, arewa kiwo. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, wanda mutanen Maraɗi suke kira 'Yar Buhari, sun kashe dabbobi masu yawa, suka sa makiyaya da dama suka kama noma, manoma kuma suka ƙetare iyakar. Rikicin burtali da mashaya da ya biyo baya shi ne dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 suka zo magancewa. A 2011 aka cire Bermo ta zama gunduma mai zaman kanta, kuma ƙidayar 2012 ta nuna mutanen gundumar Dakoro sun haura dubu 600. Kasuwannin dabbobi irin su Sakabal da Dakoro suna tura shanu da raƙuma da awaki kudu ta Maraɗi da Jibiya, a kan kusan hanyar da ayarin gishiri yake bi a zamanin Birnin Lalle.

Abin da ya haɗa Gobirawa

Iyaka ta raba ƙasar, amma alamomin zama al'umma ɗaya suna nan. Akwai tsagen gado, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, daga gefen baki zuwa wajen kunne, ko da yake yanzu an rage yi wa yara. Akwai Gobiranci, karin harshen yamma mai cewa munka da sunka da anka. Akwai wasan taubasantaka da Yarbawa a Nijeriya da Zabarmawa a Nijar, al'adar da hukumar UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014. Akwai waƙoƙin fada, waɗanda Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya kai su inda duk mai jin Hausa ya san su. Gidajen sarautar Tsibiri da Sabon Birni da Isa da Madawa kuma suna halartar naɗi da ta'aziyyar juna.

Tarihin Gobir da ake koyarwa a makarantu ya fi tsayawa a kan shekaru ashirin na rigimar Alƙalawa da Degel, kuma mafi yawansa daga alƙalamin waɗanda suka ci yaƙin ya fito. Ayyukan Boubou Hama da Djibo Hamani a Nijar, da na Abdullahi Rafi Augi a Zariya, sun faɗaɗa wannan hoto, suka nuna daula mai shekaru ɗaruruwa kafin Bawa Jan Gwarzo. Babban kaso na waɗannan shekaru a tudun Dakoro aka yi shi. Saboda haka tarihin gundumar bai fara da barikin 1947 ba, kuma kare kufan Birnin Lalle daga garma da zaizayar ƙasa, tare da rubuta abin da dattawan wurin suke riƙe da shi, aiki ne da ya hau kan sarakunan gargajiya da hukumomin Dakoro da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi.